Garin Tafkuna da Kaka Ya Bar Mana

Na Allah ne mu, kuma wurinSa Kaka ya riga mu komawa. Ya cika da hantsi, a ƙarshen damina, lokacin da shinkafa ta fara sunkuyar da kai a gonakin da ke tsakaninmu da Kura. Kafin la'asar an yi masa sutura, an sallace shi, an kai shi. Mu mata muna cikin gida muna jin takun maza yana nisa, har ya ɓace, ya bar mu da kukan kurciya a kan darbejiyar tsakar gida.

Zaman makokin a bakin ƙofar ɗakinsa na yi shi, ina sauraron masu gaisuwa. Kowa ya zo da Kakan da ya sani. Wata tsohuwa daga Bunkure ta ce shi ya tashi injin ban ruwan mijinta bayan makanikai sun ce a sayar wa 'yan gwangwan. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ajiye ƙwaryarta ta yi kuka mai isarta, ta ce shi ne ya bar wa shanu hanya ta gefen gonarsa su sauka su sha. A zaure kuwa, inda maza suke, muna jiyo addu'a, can sai wata 'yar dariya ta kuɓuce wa wani, ya yi sauri ya haɗiye ta. Na san abin da suke tunawa. Na ji wani ya ce, "Allah ya jiƙan Na Cek. Yanzu wa zai riƙa kai mu Turai ba fasfo ba jirgi?"

Gwaggo ce kaɗai ba ta ba da labarin komai ba. Ƙanwar babana ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma gonar albasar da take ciyar da 'ya'yanta da ita ita ce ta ƙarshe a kan kanal ɗinmu, can inda muke kira wutsiya. Tana zaune ta jingina da bango, sai ta ce, kamar da kanta take magana, "Shi ke nan. Bana ruwa ba zai iso ni ba."

Wata dattijuwa ta ce, "Haba ke kuwa! Ubanki ya kwanta dama, ke kina zancen albasa?"

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni dai na gane. A wurinta, ubanta da isowar ruwa abu ɗaya ne.

Wanda bai san noman rani a wajenmu ba, bari in gaya masa. Ruwan daga madatsar Tiga yake tasowa, ya biyo babban kanal, sannan ya rarrabu a ƙanana. Namu ƙarami ne, dogo, gonaki sun jeru a gefensa. Kowace damina laka da ciyawar kacalla sukan cike shi, dole a yashe kafin a sako ruwan rani. A wurare da yawa daga kan ruwa ake fara yasa a gangara. Na kan ruwa da zarar an share gabansu, sai uzuri ya taso musu: wannan zai kai tumatir kasuwar Kwanar Gafan, wancan an yi masa haihuwa. Kafin a kai tsakiya gayya ta watse, na wutsiya su wuni suna kallon busasshiyar laka.

A kanal ɗinmu ba haka ake yi ba. Tun kafin a haife ni, daga wutsiya ake farawa a hauro. Mai gonar kan ruwa shi ne na ƙarshe da za a share wa gaba, don haka ba ya iya tafiya ko'ina. Kaka ne ya zo da wannan, kuma ya ce ba daga kansa ya ƙago ba. Daga garinsa na can ya zo da shi.

Yana saurayi, lokacin da ake haƙa waɗannan magudanai, aka ɗebi samari aka tura su ƙasashen waje koyon gyaran injina. Shi aka jefa shi Cekoslobakiya, a wani ɗan ƙaramin gari da ke da masana'antar famfunan ruwa. Bai daɗe sosai ba, sanyi biyu ya gani ya dawo. Amma garin ya biyo shi, ya zauna tare da mu har ranar da ya rasu. Sunan garin yana karya harshe. Kaka kaɗai ke iya faɗarsa, shi ma sai ya gyara zama. Mu jikoki Garin Tafkuna muke ce masa.

Bayan la'asar yakan zauna a bakin kanal, ƙarƙashin mangwaro, ya tsoma ƙafafunsa a ruwa. In na kawo masa shayi a kofinsa na tangaran, wanda ya zo da shi daga can, mai hoton hasumiya da kifi a jiki, sai ya ce, "Yauwa amaryata. Kin sa sukari ko kin cinye a hanya?"

"Ango mai rowa, ai ba ka sayo ba."

"To zauna in biya ki da gari guda."

Sai ya ɗauki tsinke ya zana garin a ƙasa. Yadda tsofaffi ke lissafa unguwannin Kano, haka yake bi da su. Ga Cikin Gari, da ganuwarsa ta dutse da ƙofofi biyu da suka rage. A tsakiya akwai fili mai faɗi da aka shimfiɗe da duwatsu, gidaje sun kewaye shi, kowanne da launinsa, kuma a ƙarƙashinsu akwai rumfuna a jere, mutum zai zaga kasuwa ana ruwa bai jiƙe ba. Ga Unguwar Sama, wajen injin niƙa da ruwa ke juyawa. Ga Unguwar Ƙasa, ta majema da masunta. Ga wani ɗan lungu da ya ce na Yahudawa ne a da, an kwashe su a babban yaƙi, ba wanda ya dawo. In ya zo nan yakan share wurin da tafin hannu a hankali. Ga gidajen da Jamusawa suka bari da aka kore su bayan yaƙin, waɗansu mutane suka shiga suna dafa abinci a tukwanen da ba nasu ba. Daga nan sai ƙauyukan da ke ƙarƙashin garin, ya ɗiga su da kan tsinke kamar ana shuka.

"Sau biyu wuta tana cinye garin nan," yakan ce. "Annoba ma ta shiga. Sojoji sun wuce ta kansa, na gabas da na yamma. Kowane karo su tashi su sake ginawa a kan tsohon tushe. Mutanen can ba su da yawan magana, amaryata, amma ba sa barin wuri."

Ni abin da na fi so shi ne tafkunan. Ya ce kakannin kakanninsu ne suka haƙa su da hannu, suka jawo ruwa daga kogi ta wani dogon kanal, tafki yana ba tafki, suna kiwon kifi. Idan sanyi ya kusa, sai a zuƙe tafki, gari duka ya fito, maza cikin laka har ƙugu suna jan raga. Idan sanyin ya kankama kuwa, ruwan ya daskare, yara su hau kansa suna sulɓi. Nakan rufe ido in ga kanal ɗinmu ya zama farin gilashi, ina tafiya a kansa har Bunkure, belbelu suna kallona.

Mutum biyu ne manyan garin a bakin Kaka. Ta farko uwar masaukinsa, wata gwauruwa a Unguwar Ƙasa. Da ta lura ba ya taɓa naman da take dafawa, ba ta tambaye shi dalili ba. Ta je kasuwa ta sayo sabuwar tukunya da cokali, ta ɗaura musu jan zare, ta rataye su daban. Kifi da dankali da kabeji ta yi ta ba shi har ya bar garin. Da azumi ya zo ta ga ba ya ci da rana, ta ɗauka ciwo ne, ta kira masa likita. Da ta fahimta, sai ta riƙa tsayawa a taga tana duba masa faɗuwar rana, ta ƙwanƙwasa masa ƙofa da cokalin nan mai jan zare. Kaka bai taɓa ba da wannan labari ba tare da ya ce, "Allah ya san abin da ta yi mini" ba.

Na biyu shi ne mai ƙofar ruwa, wani tsoho mai gashin baki, hannunsa ɗaya ba cikakkun yatsu. Shi ke buɗe ruwa da rufewa a kanal ɗin tafkuna. Ranar hutu Kaka yakan bi shi. Daga wurinsa ya ji cewa a wata shekarar fari, tun zamanin da, Unguwar Sama ta tare ruwa don injin niƙanta, tafkunan Unguwar Ƙasa suka ƙafe, kifi ya mutu. Sai iska ta juya, ta kwashi warin ta kai wa na sama har cikin ɗakunansu. Tun daga ranar aka yanke cewa yasa daga ƙasa za ta riƙa farawa, kuma na sama ne za su fara shiga laka. Mai ƙofar ya kai Kaka har ƙarshen kanal ɗin, ya danƙa masa shebur, ya nuna masa ƙasa, sannan ya nuna sama.

Wannan labarin shi ne dokar kanal ɗinmu. Duk shekara, ranar gayya, Kaka yakan tsaya a wutsiya ya ba da shi daga farko, sannan ya naɗe wando ya riga kowa shiga.

Duk shekara kuma sai an ƙaryata shi. Mai ƙaryatawar taubashinsa ne, ɗan kawunsa, wanda gonarsa ce ta farko a bakin ƙofar ruwa, shi ya sa muke ce masa Alhajin Kan Ruwa. Tare suka tashi, kuma tsakanin taubasai ba a jin kunyar tsiya.

"Tsaya, Na Cek," yakan ce, yana dogare da sheburinsa. "Wannan Bature mai guntun hannu, da wane yare ya ba ka duk wannan tarihi? Kai da ko Turancin Ingila sai da ƙyar?"

"Da yaren da kake jin kiran tuwo ko daga ina aka yi shi."

"Jama'a ku ji fa! Bara ya ce kifi dubu ne suka mutu, bana sun zama tafki guda. Baɗi kada zai shigo labarin."

"Shigo ruwa, malalaci, ka bar kifin mutane."

Sai a yi dariya, Alhaji ya yi tsaki, ya naɗe wando ya shiga.

Sau ɗaya na ga wasan ya zama faɗa. Shekarar ruwa ya yi ƙaranci, tumatirin Alhaji yana fure, 'ya'yansa suka sa buhunan ƙasa suka tare kanal. Kaka ya je da rana tsaka ya janye buhunan da hannunsa. Alhaji ya fito yana huci, ya ce a gaban mutane, "Ka ishe mu da garin ƙarya! Ba wani gari, ba wani Bature. Don 'yarka na wutsiya ka ƙirƙiro shi."

Kaka ya sunkuya. Ya wanke hannu a kanal ya tafi. Sun daɗe ba sa zama inuwa ɗaya. Abin da ya shirya su, injin Alhaji ne ya lalace ana tsakiyar ban ruwa. Ba wanda ya kira Kaka. Da safe kawai Alhaji ya tarar da shi tsugune a gonarsa, hannu duk baƙin mai, yana cewa, "Miƙo mini sifana, mai garin gaskiya."

Amma maganar ta zauna masa. Na sani, domin daga lokacin ya rage zana garin a ƙasa.

Rediyo ce ke kawo masa labarin can, jefi-jefi. Ranar da ya ji ƙasar ta rabu biyu, ina ƙarama, na tuna yana ta tambayar mutane, "Ba a harba ko bindiga ba fa? Kun taɓa jin an raba ko gona haka?" Bayan na shiga jami'a a Kano, wata damina aka ce ambaliya ta ci ƙasar Cek. Na zo hutu na tarar ya kasa cin abinci.

"Unguwar Ƙasa a kwari take," ya ce. "In ruwa ya zo, su zai fara ci. Amaryata, an ce ku 'yan boko kuna da akwatin da ke nuna duniya. Ki duba mini ko garin yana nan."

Na juya kofin tangaran, na kwafi sunan da ke ƙarƙashin hoton hasumiyar, harafi bayan harafi, da 'yan ƙahonin da ke kansu. Da na koma Kano na shiga wani kafe na intanet kusa da makaranta. Injin yana jan ƙafa, wuta ta ɗauke, aka tada janareta, na sake farawa. Can sai hoto ya fara saukowa daga sama, layi-layi: kan hasumiya, agogo, jajayen rufi, sannan filin nan mai duwatsu da rumfunansa. Ban san lokacin da na sa hannu a kan gilashin ba. Yarinyar da ke kusa da ni ta ce, "Lafiya?" Na ce, "Garin kakana ne." Ta dube ni, ta dubi hoton, ta matsa da kujerarta.

Na dawo gida da gudu a zuciyata. Na same shi a ƙarƙashin mangwaro.

"Yana nan, Kaka. Hasumiyar tana nan. Ban ga sunansa cikin garuruwan da ruwa ya ci ba."

"Alhamdu lillahi. Unguwannin fa?"

Na lissafa masa su yadda na karanta. Yana gyaɗa kai, yana tarar numfashina. Nan ana jin ƙamshin burodi da asuba, in ji shi. Nan akwai kare mai baƙar zuciya. Wannan ƙauyen daga can ake kawo madara. Gobara biyun ma suna cikin tarihin, da annobar, da tafkunan da kanal ɗinsu. Fuskarsa ta koma ta saurayi.

"Har da manyan mutanen garin an rubuta," na ce. "Akwai mai zanen hotuna, da wani limamin coci da ya wallafa littattafai, da likita, da wani ɗan wasan ƙanƙara."

"Ban san su ba. Mai ƙofar ruwa fa?"

"Ba ya ciki."

"Uwar masaukina?"

"Ita ma."

"Shekarar farin fa, da warin kifi? Da dokar yasa?"

Na so in ce akwai. Na dubi ƙafafunsa cikin ruwa, na ce, "Ban gani ba, Kaka."

Ya dubi kanal. Sannan ya yi murmushi ya ce, "To, su manyan nasu ne, waɗannan nawa ne. Amma ki rufa mini asiri wurin na Kan Ruwa. In ya ji, Gwaggonki ta sha ƙasa."

Da sigar wasa ya faɗa, amma na riƙe shi da gaske. Shekaru suka wuce ban gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da tsayawa a wutsiya duk shekara, har lokacin da sai an riƙe shi yake sauka cikin laka. A jinyarsa ta ƙarshe bai yi zancen garin sosai ba. Sau ɗaya dai, ina ba shi kunu, ya ce in buɗe taga in duba masa ko rana ta faɗi, alhali hantsi ne.

Bayan an share makoki, Alhajin Kan Ruwa ya yi sallama a gidanmu ya ce a kira masa ni. Na same shi a zaure shi kaɗai. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi.

"'Yar boko, tambaya na zo yi. An ce ke kika duba garin nan a kwamfuta."

"Ni ce, Alhaji."

"Akwai shi?"

"Akwai. Da unguwanninsa duka, yadda ya faɗa."

"Baturen mai ƙofa fa? Da dokar?"

Lokacin yasa ya matso. Na riga na ji 'ya'yansa suna cewa bana daga kan ruwa za a fara, tunda mai tatsuniya ya tafi. Ta ƙofar zaure ina hango Gwaggo a tsakar gida tana tankaɗe, irin albasarta yana jira a leda. Kalma ɗaya ce tsakaninta da ruwa, kuma a bakina take. Amma ban ga yadda zan yi wa Kaka ƙarya a zaurensa ba, tabarmarsa ma ba a naɗe ba.

"Ba su a rubuce, Alhaji. Na duba, ban gani ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Haka kakanki ya ce mini."

Na ɗago.

"A makon da kika gaya masa ya zo har gonata. Ya ce, 'Na Kan Ruwa, an duba. Garina yana nan, amma mutumina ba ya cikin manya. Ga wuƙa ga nama, ka yi dariyarka.' Mutumin nan bai iya ajiye abu a ciki ba, ke ce dai ya bari da dako."

"Me kuka ce masa?"

"Na ce to ni ina ruwana? An gaya masa don Bature nake shiga laka?" Ya goge ido da bakin rawaninsa. "Ni don kada kakanki ya riga ni nake shiga. Tun muna yara ba ya riga ni komai in ƙyale shi. Ga shi yanzu ya riga ni, kuma ba yadda zan yi."

Ya tashi da ƙyar, ya sa takalmi. Bai ce za a fara daga wutsiya ba, bai ce ba za a fara ba. Da Gwaggo ta tambaye ni me ya kawo shi, na ce gaisuwa ce.

Ranar gayya ni da Gwaggo muka dama kunu muka ɗauka. A kan ruwa muka tarar da mutane sun taru, a bakin gonar Alhaji, da shebur da adda da lauje. Babban ɗansa har ya naɗe wando. Wani yana cewa ai duk ɗaya ne, ta ko'ina aka fara za a gama. Na wutsiya suna tsaye gefe, ba mai son ya zama shi ya fara musu. Gwaggo ta sauke bokitin kunu, ba ta dubi kowa ba.

Sai ga Alhaji ya fito daga cikin masara, shebur a kafaɗa, yana ɗingisa ƙafarsa mai ciwon gwiwa. Ɗansa ya ce, "Baba, ka zauna a inuwa, yanzu za mu share maka gabanka."

Bai ko kalle shi ba. Ya ratsa taron, ya hau gaɓar kanal, ya miƙa gangare. Aka tsaya ana kallon bayansa. Tafiya ce mai nisa ga mai irin ƙafarsa. Ya yi nisa kaɗan, sai ya juyo ya ɗaga murya: "Ku kuma sai an aiko muku da mota?"

Haka muka bi shi a jere a kan gaɓa, maza a gaba, mu a baya da kunu. A bakin gonar Gwaggo ya tsaya, daidai inda Kaka ke tsayawa. Ya dogara da shebur, ya yi gyaran murya.

"A wani gari a ƙasar Cek," ya ce, "sunansa ba ya faɗuwa, kada wanda ya tambaye ni. Akwai Unguwar Sama, ta majema..."

"Ta masu injin niƙa, Alhaji," na ce, kafin in kama bakina.

"To, ta masu injin. 'Yar boko, ni ke ba da labarin ko ke? Akwai Unguwar Ƙasa. Aka yi fari. Na sama suka tare ruwa, don na sama ko'ina halinsu ɗaya, ni na sani, ni ne su." Aka yi dariya. "Kifi ya mutu. Tafki goma."

"Ɗaya ne bara!" wani ya ce daga baya.

"Bana goma ne. Har da kada." Dariyar ta ƙaru. "Garin nan yana da manyan mutane. Akwai wata mata mai tukunya da jan zare. Akwai wani tsoho mai guntun hannu. Akwai kuma wani baƙo, baƙar fata, mai taurin kai, da ya je koyon gyaran inji ya dawo ya hana mu sakat. Su ukun nan ba a rubuta su ba. To mu mun sani."

Ya naɗe wando. 'Ya'yansa suka zo za su riƙe shi, ya ture hannunsu, ya zame cikin laka har gwiwa, ya kafa shebur a gindin kacalla. Bai ɗago ba ya ce, "Na riga ka yau, Na Cek."

Babban ɗansa ne ya bi shi, sannan sauran.

Da aka sako ruwa ina gonar Gwaggo. Ba da ƙarfi yake isowa wutsiya ba. Yakan zo a hankali, siriri, yana tura busassun ganye a gabansa, yana tsayawa a kowane ɗan rami ya cika shi kafin ya wuce. Gwaggo ta tsuguna ta buɗe masa bakin fangalin albasa na farko da hannunta. Ta daɗe a tsugune, ruwan yana bi ta tsakanin yatsunta.

Ban san ko an taɓa yin farin nan a Garin Tafkuna ba, ko kuwa tsohon mai ƙofa wani abu dabam yake nufi da ya nuna ƙasa ya nuna sama, Kaka ya fahimci abin da zuciyarsa ke so. Ban san ko akwai wanda ya rage a Unguwar Ƙasa da ke tuna wani saurayi mai tukunya tasa shi kaɗai ba. Kofin dai yana wurina. Wani lokaci bayan la'asar nakan zauna ƙarƙashin mangwaro in zana garin da tsinke, 'ya'yan Gwaggo suna gyara mini in na manta wata unguwa.

Allah ka jiƙan Kaka, ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya gonakin na ƙarshe. Ka shayar da shi daga tafkin da ba ya ƙafewa. Mu da muke baya, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.